Kwana 80 a kan dutsen Hada: gidan da na kama wa iyayena

Baba bai so ba. Gara in fara da wannan, domin duk wanda zai kawo iyayensa Umra ta dogon zama ya ce zai sauke su a wajen Makka, gardamar da zai fara karo da ita ke nan, kuma hujjar tsohon ba ƙarama ba ce. Ran da na gaya masa a waya cewa na kama musu gida a Hada, garin nan na kan dutse da ke gab da Ɗa'ifa, ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Uwata, salla ɗaya a Harami ta fi dubu ɗari a wani wuri. Ke kuma ki ce in baro Zariya in zo in tare a kan dutse?" Ban iya ce masa komai ba sai, "Baba ku zo ku gani. In mako biyu ya yi ba ku gamsu ba, ni da kaina zan sauko da ku."

Shekarata 11 a Jidda. Tun 2022 da aka mayar da bizar Umra kwana 90, aka kuma ba mai ita damar zagaya ƙasar, nake da burin su zo su zauna a tsanake, su huta da Umrar mako biyu da ake yi a guje. Amma ina zan ajiye su? Gidanmu na Jidda hawa na uku ne, ba lif, ɗaki biyu da yara huɗu. Baba yana da shekara 74 kuma yana fama da asma, iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ita ce babbar abokiyar gabarsa, alhali a Jidda ko Makka cikin Satumba ba mai iya barci sai da ita. Inna kuwa gwiwa. Na tambayi masaukai kusa da Harami, mafi sauƙin da na samu mai ɗan kyau riyal 450 ne ɗakuna biyu a kwana, babu wurin girki. Ka buga wannan sau 80 ka ga inda ya kai. Wata maƙwabciyata da suke hawa Ɗa'ifa duk hutun bazara ita ta ce min, "Da zarar an koma makaranta gidajen Hada fayau suke, je ki yi ciniki."

Gidan bene ne mai hawa biyu, shigga takwas. Shigga ita ce abin da muke kira fulat a gida, kuma irin waɗannan da kayansu ake ba da su haya: gado, kujeru, firji, murhu. Tamu tana ƙasa, ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki biyu, da ɗan tsakar gida mai katanga inda bishiyar ɓaure ɗaya take. Ban kama ta manhaja ba. Na hau da kaina na samu mai kula da wurin. A bazara riyal 350 yake ba da ita kwana ɗaya, ni kuma muka daidaita a kan 4,000 a wata, da wuta da ruwa. Nan ga shawara ta farko: ka tambaya ko harajin kashi 15 cikin ɗari yana ciki, a rubuta maka a takarda. Ni na tambaya, kuma da ban yi ba da mun sami saɓani a wata na biyu, don wanda ya zo karɓar kuɗin ba shi ne wanda muka yi magana da shi ba.

Sun sauka Jidda a tsakiyar Satumba 2023, suka yi Umrarsu, muka kwana uku a Makka. Ran na huɗu da la'asar muka ɗauki hanya. Daga Makka za ka bi ta gefen Arfa, sai dutsen Kara ya tsaya maka a gaba kamar bango, titin kuma ya shiga nannaɗe shi yana hawa. Inna ta rufe ido tana ta salati. Baba yana gaba, idonsa a kan allon mota inda ake nuna zafin waje. Mun baro Makka yana 42. Muna hawa yana sauka, yana sauka, da muka tsaya ƙofar gida ya nuna 29. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya ja numfashi, bai ce uffan ba. Daren nan da taga a buɗe ya kwana, ba mukayyif, ba tari. Da asuba na ji shi yana karatu da muryar da na sani tun ina yarinya.

Hada tana kan tudun da ya kai kimanin mita 2,000, sanyin nan kuwa daga tsayin yake. Amma tsayin yana da nasa hali. Kwana ukun farko Baba yana haki in ya yi 'yar tafiya, har sai da jikinsa ya saba. Kicin ma ya nuna min. Na ɗora wake kamar yadda na saba a Jidda, awa biyu yana tafasa bai yi laushi ba. Ashe a irin wannan tudun ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a bakin teku ba, sai abinci ya daɗe bai nuna ba. Sai da na sa maigida ya taho min da tukunyata mai murfin kulle, mai huci. Wadda za ta zo ta daɗe, ta zo da irinta. Kayan kicin ɗin gidan ma na masu kwana biyu ne: tukwane biyu marasa kauri, wuƙa ɗaya da ba ta yanka albasa, cokula shida. Ba muciya, ba rariya, ba turmi. Murhun gas ne mai kai huɗu kuma duk suna ci, firjin babba ne, injin wanki yana aiki. A nan ban da ƙorafi.

Abin da ya fi burge ni a gidan shi ne shiru. Daga Lahadi zuwa Laraba mu kaɗai ne a ginin, sai wasu tsofaffi biyu 'yan Makka a sama. Ba hon, ba jiniya. In hantsi ya yi Inna ta shimfiɗa darduma ƙarƙashin ɓauren nan ta miƙe ƙafa a rana tana jan carbi. Da yamma hazo yakan taso daga kwarin Tihama ya shigo gari, sai ka ga kamar hayaƙi yana bin titi, har gidan da ke kallonka ya ɓace. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gajimare ya shigo mata tsakar gida ba. Daren Alhamis da na Juma'a labari yakan sauya, domin mutanen Jidda da Makka suna haurowa shan iska, a cika shiggogin, yara su yi ta guje-guje a kan matakala har ƙarfe biyun dare, ƙamshin gashi ya cika unguwa. Mu ma a ranakun nan maigida yake kawo min yara, don haka ba zan ga laifin kowa ba. Amma mai neman shiru kwana bakwai a mako ya sani biyar zai samu.

Sai birai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Hada ya san su, suna zaune garke-garke a bakin titi suna jiran masu jefa musu ayaba. Har cikin unguwa suke shigowa. Mai gadi ya gargaɗe mu tun ranar farko kada a bar tagar kicin a buɗe, kada a ajiye shara a waje. Tagogin gidan duk da ƙarfe da raga, wannan kuwa abin dubawa ne kafin ka biya kuɗi a ko'ina a Hada.

Mai gadin nan, wanda a nan ake kira haris, ɗan Sudan ne, kuma rabin alherin gidan shi ne. "Ya walid", wato "ya uba", yake ce wa Baba. Masallacin unguwa bai fi taku 300 ba, amma hawa ne, sai ya zama kullum da asuba yana tsaye a ƙofa da tocila yana jiran Baba su tafi tare. Ba wanda ya sa shi. Ruwan gidan tanka ce ke kawowa, wayit suke ce mata, kuma sau ɗaya kawai ya yanke mana, shi ma kafin azahar ya kira an kawo.

Yanzu ga maganar Harami, wadda ita ce gaskiyar ciniki. Daga ƙofar gida zuwa wurin ajiye motoci na Kudai awa ɗaya ce in hanya ta yi kyau, daga nan bas ya kai ka Harami. Muka tsara Litinin da Alhamis. Mu sauka bayan azahar, mu sami la'asar, magariba da isha'i, su yi ɗawafi in jiki ya ba da dama, mu hau da dare. Juma'a kuma maigida yakan kai Baba. Ka ga salloli bakwai ke nan a mako, wani lokaci takwas, a maimakon 35 da wanda ke kwana kusa da Harami zai iya samu. Wannan asara ce ta gaske kuma ban taɓa ce wa Baba ba asara ba ce. Abin da na gani da idona dai shi ne, a kwana ukun da muka yi a Makka da farko, sau biyar kacal ya iya fita Harami saboda zafi da tari, sauran a ɗaki ya yi su. Daga Hada kuwa yana sauka da ƙarfinsa, ya yi ɗawafi da ƙafarsa, ya ƙi keken turawa. Da mako biyu ya cika na tuna masa alkawarina. Ya ce, "Bari mu ga ƙarshen wata." Ƙarshen wata bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Masallacin miƙati na Wadi Muhrim minti goma ne daga gidan, ta ɓangaren Ɗa'ifa, da banɗakuna masu tsabta da masu sayar da harami. Inna ta sake Umra daga nan. Baba bai sake ba, don shi Bamalike ne na gidi, kuma a mazhabar an karhanta maimaita Umra cikin shekara guda. Batun yawan shiga Makka ba da harami ba shi ma sai da ya zauna da wani malami a Harami suka warware shi tun makon farko. Wanda iyayensa masu karatu ne ya bar su su yi wannan tambayar da kansu, hankalinsu ya fi kwanciya.

Hanyar dutsen ba kullum take a buɗe ba. In hazo ya yi kauri ko aka yi ruwa mai ƙarfi, jami'an hanya sukan rufe ta. Sau uku hakan ta same mu a Nuwamba. Sai dai ka zagaya ta Sailul Kabir, inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake, hanya mai faɗi wadda manyan motoci ke bi, amma daga Hada tana cin kusan awa biyu. Akwai daren da muka fito isha'i muka tarar an rufe, muka iso gida sha biyu ta wuce, Inna ƙafafu sun kumbura. Tun daga ranar ba na fita sai na duba sanarwar hanya a waya. Wanda ba shi da mota kuwa, in faɗa masa gaskiya, kada ya zo Hada. Uber da Careem suna da yawa a cikin Ɗa'ifa, amma a nan sama sai ka jima kana jira, kuma kuɗin sauka Makka da dawowa sau biyu a mako zai cinye duk rangwamen da ka samu a haya. Ni da motata na zo, litar mai riyal 2.18, shi ya sa lissafin ya fita.

Da yake muna da gindin zama, tafiye-tafiye sun zo da sauƙi. Manyan akwatuna suna gida, mu ɗauki jaka ɗaya mu kulle ƙofa. Madina mun je sau biyu, kwana hurhuɗu. Mu bar mota a tashar jirgin ƙasa na Haramaini da ke Rusaifa a Makka, cikin awa biyu da rabi muna Madina, tafiyar kilomita 450. Izinin shiga Rauda na nema musu ta manhajar Nusuk tun kafin mu tashi. Mun hau Shafa, wadda ta fi Hada tsayi da sanyi, muka sayo zuma da rumman. Mun zo a ƙarshen kakar rumman, kuma wanda bai ci na Ɗa'ifa ba bai san rumman ba, 'ya'yansa manya, zaƙi ba tsami. A bakin hanya ana sayar da barshumi, 'ya'yan wata shuka mai ƙaya, mai sayarwa ya feɗe maka a take. Furen wardi da aka san garin da shi bai same mu ba, a Maris da Afrilu ake tsinkarsa, amma mun shiga wata masana'anta a Hada muka ga manyan tukwanen tagulla da ake dafa shi a ciki a tatsi ruwansa da mansa. Inna ta sayi kwalabe goma sha biyu na tsaraba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta Masna, gefen garin Ɗa'ifa, kilomita kamar 20 daga gidan. Can ne gonakin da ake cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya fake bayan mutanen Saƙif sun sa an jefe shi a shekara ta goma da aiko shi, inda Addas, bawan nan Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Akwai ɗan masallaci da ake kira da sunan Addas. Baba ya karantar da wannan ƙissa a zaurensa shekara da shekaru. Ya tsaya yana kallon duwatsun da suka kewaye wurin, ya ce, "Uwata, kin ga hanyar nan da muke hawa a mota kina cewa kunnenki ya toshe? Tsakanin garuruwan nan biyu da ƙafa ya yi ta." Hawaye suna bin gemunsa. Daga nan muka yi la'asar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, wanda kabarinsa ke gefensa, don a Ɗa'ifa ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira. Bayan wannan rana Baba ya daina cewa "kan dutse", ya koma cewa "gida".

Inna ma ta sami nata. A tsohuwar kasuwar da ke kusa da masallacin ta ji wata tsohuwa tana yi wa jikarta faɗa da Hausa, ta juya ta yi mata sallama. Haifaffiyar nan ce, kakanta ne ya taho da ƙafa ta Sudan ya tsallako teku daga Sawakin, ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausa a bakinta garau, sai dai gauraye da Larabci. Suka ƙulla zumunci. Ita ta koya min saliƙ, shinkafar mutanen Ɗa'ifa da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, abincin da ya yi wa haƙoran Baba daidai. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa a Sharar Mansur, wato titin Mansur, nake sayowa duk ranar da muka sauka Makka, wani lokacin har da siriya, wato tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa suka riƙe. A Hada akwai bagala, wato kantin kayan masarufi, da wurin burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, amma babban cefane sai cikin Ɗa'ifa, haka ma asibiti in ya wuce na kantin magani. Sau ɗaya muka kai Baba a duba shi, kuma inshorar da ke tare da bizar Umra ta yi aiki.

Inda gidan ya gaza shi ne sanyi. An gina shi don 'yan bazara, ba a yi tunanin mai zama har Disamba ba. Daga tsakiyar Nuwamba da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, daɓen tayil ne ba kafet, barguna sirara, mukayyif ɗin kuma mai sanyi ne kawai, ba ya ba da ɗumi. Na sayo hita biyu da barguna masu nauyi da kuɗina. Wannan da sauƙi. Abin da ya ɓata min rai shi ne hitar ruwa ta banɗakin iyayena da ta mutu a makon da sanyi ya fi tsanani. Mai gadi ya kira ofis a gabana sau huɗu. Kullum "bukra, in sha Allah", wato sai gobe. Kwana tara ina dafa ruwa a tukunya ƙarfe huɗun dare ina kai wa tsoho mai asma ya yi alwala, don ɗaya banɗakin na tsuguno ne kuma can cikin ɗakina yake. Ranar ta goma na kira mai gyara na biya riyal 180, na ce a cire a haya. An cire, amma sai da aka ja. Intanet ɗin gidan ma sunan kawai, a falo yake kamawa, ɗakin kwana babu. Layin waya mai data na saya musu, da shi suke kiran bidiyo da 'yan Zariya. Kuɗin ajiya riyal 500 da na bayar da farko, mako uku bayan mun tashi sannan ya dawo, bayan na yi ta aika saƙo.

Duka-duka haya ta tashi ƙasa da riyal 11,000 a kwana 80, ban da mai, cefane da masaukin Madina. Sun tashi farkon Disamba, kwana kaɗan kafin bizar ta cika. Inna ta yi kuka da ƙawarta, Baba ya cire hularsa zanna ya ba mai gadi.

Makon jiya ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Uwata, shiggar nan ta ƙasa, ki tambaya min ko ba kowa bana. In Allah ya nufa, wata biyu a gida, amma goman ƙarshe na azumi a Makka zan yi su ko da a tsaye zan kwana." Na kira ofishin. Sun ce tana nan, sun sa sabuwar hitar ruwa, sun ƙara barguna, kuɗin kuma ya koma 4,500 saboda lokacin wardi ne. Na ce musu Alhamis zan hau, in kunna famfon da hannuna in ji ruwan, in ga bargunan, sannan mu yi maganar kuɗi.